Darasin lissafi: jikar yau da jikar baɗi ba ɗaya ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasin wanga lokaci na waɗanda ke da ɗan jari ne a hannu, ko nasu ko na ƙungiya, suna shawarar aikin da za su zuba shi. Injin ban ruwa za a saya? Amalanke da sa? Keken ɗinki? Kafin a fidda kuɗi daga akwati, akwai lissafin da ya kamata a yi. Ku ɗauko alli ko fensir.

Tambaya ta farko. In anka ce ka zaɓa, jika 100 yau ko jika 100 baɗi war haka, wace za ka ɗauka? Kowa zai ce ta yau. Dalili shi ne kuɗin da ke hannu suna aiki. A misali, ka sayi raguna da harawa da dusa, duka jika 100. Ka yi kiwo, ka saida su gab da Layya jika 125. Ke nan jika 100 ta yau daidai take da jika 125 ta baɗi. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda anka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun san wanga abu sarai, don ba su barin kuɗin zubi su kwana banza cikin akwati.

Akwai dalili na biyu, wato tsadar kaya. Manya sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya bizne kuɗinsa cikin tulu ya tono su cif, ba dala ɗaya da ta ɓace, amma taki da kayan inji da ke zuwa daga waje sun fi ƙarfinsu.

To, yanzu mu juya lissafin. In jika 125 ta baɗi ita ce jika 100 ta yau, ke nan duk kuɗin da za su zo bayan shekara guda sai a cire musu kashi ɗaya cikin biyar, a samu darajarsu ta yau. In shekara biyu ce, a cire sau biyu. Ga yadda jika 100 ke raguwa:

Bayan shekara 1, darajarta ta yau jika 80.
Bayan shekara 2, jika 64.
Bayan shekara 3, jika 51.
Bayan shekara 4, jika 41.
Bayan shekara 5, jika 33.

Ku rubuta waɗanga lambobi biyar bayan littafinku. Wani zai ce ai wanga lissafin kuɗin ruwa ne. A'a. Ba a ba kowa bashi a nan ba. Awo ne kawai: muna gwada sabon aiki da abin da kiwo zai ba mu in mun bar kuɗin can.

Mu ɗauki wani mai garkar albasa a wajen Galmi. Yana da jika 300. Yana son injin ban ruwa da tiyo da gyaran rijiya, duka jika 300. Ya lissafa ƙarin albasar da zai samu. Ya cire kuɗin mai, da baƙin mai, da na makaniki, da ladan yaron da ke tsaron inji. Abin da ya rage masa jika 150 kowace shekara. Ya ce injin zai yi shekara 3 kafin ya mutu. Sai ya tara: 150 sau 3, jika 450. Ya cire 300, ya ga riba jika 150, ya yi murna.

Bai gama ba. Jika 150 ta shekarar farko, a yau jika 120 ce. Ta shekara ta biyu 96. Ta shekara ta uku 77. In anka tara, jika 293. Shi kuwa jika 300 zai fidda yau. Ashe injin bai ko maida abin da kiwon raguna zai ba shi ba, saura jika 7. Ribar da ya gani ta jika 150, lokaci ya cinye ta.

Kada ku ce don haka inji ba shi da amfani. Ku dubi abin da zai faru in mutumin nan ya kula da shi: yana canza baƙin mai kan lokaci, yana wanke matacin iska, ba ya barin bakin tiyo ya sha yashi, yana shigar da shi ɗaki da damina. Injin ya yi shekara 5. Sai a ƙara jika 61 ta shekara ta huɗu, da jika 49 ta shekara ta biyar. Jimla jika 403. Yanzu ya ɗara jarin da jika 103. Inji ɗaya ne, garka ɗaya ce. A ganinmu, ƙungiyar da ba ta da mutum tsayayye mai kula da inji gara ta dakata da sayensa.

Amalanke da sa kuma fa? Mu ce su ma jika 300. Da jigilar taki, da birgi, da kayan kasuwa, bayan an cire abincin sa da gyaran taya, ana samun jika 100 a shekara. Shekara 3: 80 da 64 da 51, jika 195. Kaɗan ne. Amma amalanke ba ta mutuwa kamar inji, sa kuwa ƙiba yake yi. In an saida su jika 250 ƙarshen shekara ta uku, darajar wannan a yau jika 128. A tara, jika 323. Ta ɗara jarin da jika 23. Mutane da yawa suna manta wanga kuɗi na ƙarshe cikin lissafinsu.

Lambar nan ta 125 ba doka ba ce. Misali ne munka ɗauka don ya yi sauƙin rabawa. A garin da kiwo ke ba da jika 110 kawai bisa jika 100, ragin bai kai haka ba: 91, 83, 75. Da wanga awo, injin mai shekara 3 ya kai jika 373, ya ci. Saboda haka kowace ƙungiya ta duba littafinta, ta ga abin da kuɗinta sunka saba kawowa, da shi za ta yi awo. Kuma a sa hankali: kiwo ma yana da hatsari. Waɗanda sunka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda bisashe ke faɗuwa. Albasa ita ma takan faɗi warwas a kasuwa lokacin cira. In za ku ƙiyasta abin da aiki zai kawo, ku ɗauki shekara matsakaiciya, kada ku ɗauki wadda ta fi kyau.

Ga aikin yi. Ƙungiyar mata tana son keken ɗinki na jika 100. Bayan an cire zare da mai da gyara, zai kawo jika 60 kowace shekara har shekara 3, sannan a saida shi jika 20. Da awon kashi ɗaya cikin biyar, nawa ne darajar kuɗin duka a yau? Su saya ko su bari? Ku yi lissafin tare a ajin karatun manya, ku ba malaminku amsa ya aiko mana, da sunan garinku.