Shiga Ofis Daga Nesa: Hattara da Ƙofar Kamfani

A yau ma'aikaci yana iya zama a Fatakwal ko Inugu ya buɗe takardun ofishinsu da ke Legas ta intanet. Amma fa intanet tamkar babbar hanya ce, kowa yana bi, har da ɓarayi. Saboda haka ne kamfanoni suke amfani da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya wadda take sirranta saƙo yadda ko an tare shi ba zai karantu ba.

Ƙarfin wannan hanya ya dogara ga babbar manhajar da take tafiyar da na'ura, kamar Windows, macOS, Linux ko Android. Ga abubuwa uku da ya wajaba kowane mai kamfani ya kiyaye.

Na ɗaya, a zaɓi tsari mai inganci. Windows da macOS suna zuwa da tsarin IKEv2 a cikinsu, kuma an shigar da WireGuard cikin Linux a 2020. Tsohon tsarin PPTP kuwa, masana sun nuna a 2012 cewa ana iya fasa shi, kamfanin Apple kuma ya cire shi daga na'urorinsa a 2016. A guje shi.

Na biyu, a riƙa sabunta manhaja. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Na'urar da aka daina toshe ɓarakarta, in an haɗa ta da ofis, ita ce kafar da ɓarawo zai bi.

Na uku, kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba. A haɗa ta da shaida ta biyu, kamar lambar da waya take bayarwa, kuma a soke izinin duk wanda ya bar aiki. A ƙarshen watan Afrilun 2021, 'yan damfara sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka da kalmar sirrin wani tsohon asusun VPN marar shaida ta biyu. Bututun ya tsaya kwanaki, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

A tuna, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare bayanan jama'a da ke hannunsu. A sa masani ya bincika na'urorin ma'aikata tun yau. Rigakafi ya fi magani.