Yadda Ake Haɗa Lemon Mangwaro da Abarba a Gida

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa maƙura a ƙasar Hausa, a nan ne kuma mangwaro ke cika kasuwa har ya yi araha. Duk wanda ya bi ta Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano a wannan tsakani zai tarar ana ta sauke shi daga motoci, ga lemon zaƙi daga Binuwai, ga abarba daga Kudu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ana cikin wannan ni'ima amma a gidaje da dama garin lemo na leda ake kaɗa wa yara, wanda galibinsa sukari ne da kala da ƙamshi. Alhali kuwa, uwargida, haɗa na ainihi ba wani jan aiki ba ne.

Don mutum shida zuwa takwas, ki tanadi manyan mangwaro 4 (in ƙanana ne, 8 zuwa 10), abarba matsakaiciya guda, ɗanyar citta gaɓa ɗaya, kanumfari ƙwaya 5, lemon tsami 2, da ruwa mai tsabta lita 2. Sukari ki ajiye shi a gefe tukuna, don mai yiwuwa ba za ki taɓa shi ba.

Daɗin lemon nan tun a gaban mai tebur ake samunsa ko a rasa shi, saboda haka kada ki yi gaggawa wajen zaɓe. Ki ɗauki mangwaro ki shinshina wajen da aka tsinke shi. Wanda ya nuna da kansa ƙamshinsa ba ya ɓuya, kuma in kin ɗan danna shi da yatsa zai lotsa kaɗan ba tare da ya yi ruwa ba. Wanda kika ga ya yi rawaya sosai amma babu ƙamshi, ciki kuma ga tauri ga tsami, a yi hattara da shi: akwai masu nunar da kayan marmari da sinadarin kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai saboda illarsa ga lafiya. Mangwaro ɗan aure ya fi tsoka kuma ba shi da zare sosai. Ƙananan nan na gida masu zare su ma suna yi, sau da yawa ma sun fi zaƙi, sai dai za su ba ki aiki wajen tata.

Ita kuwa abarba da zarar an yanke ta daga gona ba ta ƙara zaƙi, ko kwana nawa za ta yi a ɗaki; laushi kawai take yi. Don haka kada ki sayi mai tsami da niyyar ta nuna a gida. Ki shinshina gindinta, ki kuma ji nauyinta a hannu. Koren ɓawo ba ya nufin ɗanya ce. Amma in kin ji warin tsami-tsami na tashi, ta fara lalacewa, ki bar wa mai ita.

Da kin dawo gida ki wanke komai tas tun kafin wuƙa ta taɓa shi, musamman abarbar. Ki goge ta da soso mai tsabta ko buroshi, domin ƙura da ƙasa na maƙalewa a idanunta, kuma ɓawon nan amfani za mu yi da shi.

Ki fere abarbar, ki zuba ɓawon da ƙashin tsakiyarta a tukunya, ki daddaka rabin cittar ki jefa, ki sa kanumfari, ki zuba ruwan nan lita 2. Idan ya tafasa ki rage wuta ya yi kamar minti 20, sannan ki sauke ki tace. Masu zoɓo sun daɗe da sanin wannan dabara. Da wannan ruwa za ki markaɗa lemonki maimakon tsurar ruwa, wanda ke salamtar da ɗanɗano. Akwai kuma wata riba: ruwan ya dahu, hankalinki a kwance game da tsabtarsa. Sharaɗin kawai shi ne ya huce sarai. Ruwan ɗumi na kashe ƙamshin mangwaro, ya sa lemon ya yi saurin juyawa. Gara ki dafa shi tun da safe.

Sai ki fere mangwaron ki yanko tsokar, ki yayyanka abarbar ƙanana, ki kankare sauran cittar. Ki riƙa zubawa a bilenda kaɗan-kaɗan, da ruwan ɓawo daidai wanda zai sa ta juya. Kada ki tuttula ruwa tun farko. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, amma wanda ya tsinke ba ya gyaruwa sai da ƙarin mangwaro. In babu wuta, aikin bai tsaya ba. Ki goga abarbar da cittar a magogi, mangwaron kuma ki dame shi da hannu mai tsabta a cikin ruwan ɓawon har ƙwallon ya fita fes.

Ki tace da rariya mai laushi, kina dannawa da bayan ludayi. Tuƙar da ta rage ki ƙara mata ruwa ki sake tacewa sau ɗaya. Ni dai ban cika son a tace da ƙyalle har ya koma tsararo ba, domin ɗan kaurin nan shi ne jikin lemon, kuma yana riƙe ciki. Daga nan ki riƙa ƙara ruwan ɓawo kina juyawa har kaurin ya yi miki.

Yanzu ki ɗanɗana. Ki fara matsa lemon tsami guda, ki juya, ki sake ɗanɗanawa kafin ki yanka na biyu. Mutane da yawa in sun ji lemo ya yi lami sai su kai hannu ga sukari, alhali tsami ne ya yi ƙaranci. Idan har yana buƙatar zaƙi, cokali biyu ko uku sun wadatar, ko ki jiƙa dabino ki markaɗa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma ta lissafa har da zaƙin da ke cikin ruwan 'ya'yan itace. Mai ciwon sukari sai ya yi taka-tsantsan ko da ba a zuba ko ƙwaya ba, jaririn da bai shekara ba kuwa likitocin yara sun ce kada a ba shi.

Kada ki zuba madara a wannan haɗin. Abarbar da ba a dafa ba na da wani sinadari da ke tsinka madara, in ya ɗan jima sai ta guntse ta yi ɗaci. Mai son na madara ya yi da mangwaro zalla.

Wajen sanyayawa, in akwai firji ki juye a jog mai murfi ki sa. In ƙanƙarar saye ce, kada ki fasa ta a ciki, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, ga shi kuma za ta tsinka miki lemo. Ki ɗura a goruna masu tsabta, ki jera a kula, ki ɗora ƙanƙarar a kai da ledarta.

Za ki ga ya rabu biyu in ya zauna, kauri a gefe ruwa a gefe. Ba lalacewa ya yi ba, girgizawa kawai yake so. Amma babu maganin hana lalacewa a cikinsa, don haka a zafin bazara sa'o'i kaɗan yake yi a waje ya fara kumfa da tsami. A firjin da wuta ke tsayawa zai kwana ɗaya. In na buɗa-baki ne, ki markaɗa bayan la'asar, ki yi daidai wanda za a shanye a daren.