GININ ƘASA MAI ƘARKO: DARASI DAGA MASALLACIN JUMA'A NA ZARIYA

Uwargida, kafin layi ya zo kanki, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

TARIHINSA

An gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Magininsa shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Bai sa siminti ba, bai sa ƙarfe ba. Da tubali da ƙasa da azara ya yi aikinsa, irin waɗanda aka gina sorayenmu da su a ƙasar Bichi da Dambatta. Ginin ya yi fiye da shekara 100 yana shan rana da ruwa. A shekarun 1970 aka yi sabon gini, aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a cikinsa.

YADDA AKA GINA SHI

1. Bango da ginshiƙai masu kauri ne ke ɗauke da nauyin rufi.
2. Azara daga giginya ake tsago ta. Gara ba ta cika cin ta ba.
3. Azara guda ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi. Don haka ake jera su, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a yaɓe, har su haɗu a tsakiya. Shi ne bakan gizo.
4. Rufin tulluwa ne, ruwa ba ya kwanciya a kansa, sai ya gangara ya bi indararo.

DARASI GARE KI

Ruwa shi ne babban abokin gaban ginin ƙasa. Kome gwanintar magini, sai da gyara gini ke daɗewa. Ke kika fi kowa zama a ɗaki, ke za ki fara ganin alama.

Tun da bazara ki tuna wa maigida a yi yaɓe, a share indararo.
Kada ki bar ruwan wanke-wanke ya kwanta a gindin bango.
In kin ga bango ya tsage, ko azara ta lanƙwasa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, kada yara su kwana a ɗakin. Ki kwashe su a ranar, a kira magini.

Damina ba ta jiran kowa. Rigakafi ya fi magani!