Darasi A Kan Miyar Wake Da Naman Banda, Abincin Lokacin Ɗari

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, sai rabonmu ya faɗa Kambaza, wani tsohon gari cikin ƙasar Gwandu a Jihar Kebbi. Muka sauka cikin watan Disamba, hunturu ya kankama, iskar da ke tasowa daga Hamada ta cika sama da hazo. Kullum da sassafe sai mu ga yara sun shigo aji suna makyarkyata, kafin hantsi ya dubi ludayi waɗansu sun soma gyangyaɗi. Da fari mun zaci lalaci ne. Da muka bincika, ashe da yawansu ba su sa kome a ciki ba sai ɗan kunu tsararo. To, Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wannan shi ya sa muka rubuta darasin nan, domin 'yan'uwanmu malamai su koyar da shi ga manyan azuzuwa.

Ku sani jikin ɗan Adam kamar murhu ya ke, abinci ne itacensa. In ɗari ya yi yawa, jiki ya kan ƙara ƙona abinci don ya riƙe ɗuminsa. Bayan wannan kuma yaro mai tasowa yana bukatar abin da zai gina namansa da jininsa, watau abin da masana ke kira furotin. In ka raba busasshen wake kashi 100, wajen kashi 24 furotin ne, alhali kuwa na gero wajen 11 ne, na shinkafa wajen 7. Wani abin mamaki kuma, irin furotin da ya ƙaranta cikin hatsi shi ya yawaita cikin wake, wanda ya ƙaranta cikin wake kuwa hatsi na da shi. Saboda haka tuwo da miyar wake kowannensu na cika gibin ɗan'uwansa.

Turawan ƙasashen sanyi sun daɗe da gane amfanin irin wannan miya. A Ingila da Holan su kan dafa wani ɗan ƙanƙanen wake nasu barzajje, ya yi kauri ƙwarai, su sha da zafinsa a lokacin sanyinsu. Su da ƙyafaffen naman alade su ke haɗa shi, mu kuwa Musulmi Allah ya haramta mana wannan. Amma ba mu rasa kome ba, gama abin da su ke nema wajen naman nan ƙanshin hayaƙi ne da maiƙo, ga shi kuwa muna da naman banda na sa ko na akuya, da kifin banda irin wanda a ke samu a fadamun Kalgo da Argungu. Wake kuwa ba ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi a duniya, Nijar ke bi mata. Dubi hikimar Ubangiji, kakarsa na faɗuwa daidai da shigowar ɗari.

Wata dattijuwa a gidan da aka sauke mu ita ta koya mana dahuwar. Ta ce, "'Ya'yana, miyar wake ba ta son gaggawa." Muka zauna kusa da murhu da alƙalami, muna rubuta duk abin da ta yi.

Don ciyar da mutum 6, ga abin da za a tanada: farin wake gwangwanin madara 4, naman banda tsoka 6 da ɗan ƙashi, ko tarwaɗa bandararriya 2, albasa 2, irin manyan nan na Aliero, daddawa 2, barkono, wanda mutanen nan ke kira tonka, citta da masoro kaɗan, man gyaɗa ko manja ludayi 1, gishiri, da ganyen alayyahu ko zogale in an samu.

Da fari a tsince waken, a fid da tsakuwa da wanda ƙwari suka huda. Wanda kuwa ke warin maganin ƙwari, kada a saye shi ko da araha. A jiƙa shi cikin ruwa kamar minti 15, a zuba a turmi a surfa a hankali, sa'an nan a wanke a riƙa tsiyaye ɓawon da ya taso. Da haka ƙwayar ta kan rabe biyu, ta yi saurin nuna, kuma ba ta cika kumbura ciki ba.

Na biyu, a wanke naman da ruwan zafi don toka da ƙura su fita. A sa shi a tukunya da ruwa kamar lita 3, da albasa guda, da citta da masoro, ya yi ta tafasa kamar minti 40. In kifi ne, sai a cire ƙayarsa a ajiye shi tukuna, gama in ya daɗe a wuta dagargajewa zai yi.

Na uku, a zuba waken cikin romon nan, a rage wuta, a bar murfi a ɗan buɗe don kada kumfa ta zube. A riƙa motsawa daga ƙasa, domin wake in ya soma narkewa ya kan kwanta a gindin tukunya ya kama. Bayan kamar awa guda sai a tsame naman, a burge waken da maburgi har ya yi sumul.

Na huɗu, a daka daddawa da barkono da sauran albasa a zuba, a sa mai da gishiri, a mayar da naman ko a sa kifin. Bayan minti 15 a watsa ganye, ya yi minti 5, a sauke. A ci da tuwon shinkafa ko na dawa, ko a sassauta ta da ruwa a sha da ludayi.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a gargaɗi yara a kansu. Na ɗaya, yawan kanwa. Gaskiya ne tana sa wake laushi da wuri, amma tana lalata wani sinadari mai amfani da a ke kira bitamin B1, surfaffen wake kuwa ba ya bukatarta. Na biyu, sa abu mai tsami tun da fari, kamar yakuwa ko tumatir, gama tsami na hana wake nuna. A jira sai ya narke tukuna. Abin da ya kwana kuma, lalle a sāke tafasa shi sosai da safe kafin a ba yaro. Ɗumamen tuwo da wannan miya ya isa ya riƙe shi har a tashi makaranta.

Ba mu ce miyar wake maganin mura ba ce. Wanda ciwo ya kama a kai shi asibiti. Amma rigakafi ya fi magani, kuma yaron da ya ƙoshi shi ke sauraron malaminsa.

In an gama darasin, malami ya yi wa yara tambayoyin nan:

1. Don me a ke surfa wake kafin a yi miya da shi?
2. In gwangwani 4 na isar mutum 6, nawa za a auna wa gida mai mutum 15?
3. Ina amfanin haɗa wake da hatsi?
4. Je ka tambayi tsohuwarka yadda ta ke yin tata, ka rubuto mana inda ta bambanta da wannan.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin. Haza wasalam.