Tara Tsofaffin Kuɗin Azurfa na Farisa: Abin Yi da Abin Gudu

Duk mai son zuba dukiyarsa a tsofaffin kuɗin Farisa, ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji tun kafin a cuce shi.

Abin da za ka yi

1. Ka san zamani kafin ka taya. Siglos na gidan Sarki Dariyus yana da kauri, da hoton sarki riƙe da baka, ashirin ɗinsa ke daidai da zinariya guda. Dirhamin Sasaniyawa, waɗanda suka yi mulki daga 224 zuwa 651, faffaɗa ne marar kauri. Kuɗin Abbasi kuwa sunan Shah Abbas na Farko ya ci.

2. Ka auna. Dirhamin Sasaniyawa yana kai kimanin giram 4. Tsayuwar nauyinsa da kyawun azurfarsa suka sa fatake suka amince da shi har ƙasar Sin. Wanda ya gaza ƙwarai, ko an yanke gefensa ko jabu ne.

3. Ka juya bayansa. Nan za ka ga murhun wutar Majusawa da masu gadi biyu. A na sarakunan baya-baya akwai garin da aka buga shi da shekarar mulkin sarki, da rubutun Pahlawi.

4. Ka duba gefe. In ka ga bisimilla da Larabci kusa da hoton Kisra, sarkin Sasaniyawa, bugun gwamnonin Musulmi ne, kafin Halifa Abdulmalik ya fito da dirhami mai rubutu zalla.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka goge kuɗin da toka ko lemun tsami. Baƙin da ya yi shaidar shekarunsa ce, goge shi karya masa daraja ne.

2. Kada ka huda shi don sarƙa, kada ka kai wa maƙeri ya narkar.

3. Kada tsufa ya ruɗe ka. Kisra na Biyu ya buga dirhami jingim, ga haraji ga albashin mayaƙan da suka gwabza da Rumawa daga 602 zuwa 628. Yawansa ya sa ba ya tsada.

4. Kada ka biya kuɗin dirhami a kan ƙiran, wani kuɗin azurfa na Farisa. Na ƙarni na 19 ne, ya zube da faɗuwar farashin azurfa a duniya, har riyal ya gaje shi a 1932.

5. Kada ka sayi na 'yan fasa-ƙwauri. Iran, wato Farisa ta yau, ta hana fitar da kayan tarihinta. Ka nemi takardar asali, in babu, ka riƙe kuɗinka.

Amana ce ta shigo hannunka. Ka miƙa ta ga na baya kamar yadda ka same ta.