Yadda Ake Gwada Zato a Kan Matsakaici: Misalin Ruwan Leda a Nima

Ruwan ledar da ake sayarwa a kasuwar Nima da titunan Maamobi yakan zo da rubutun mililita 500, amma tun da ba zai yiwu a farke kowace ledar da masana'anta ta ɗura ba, masana ƙididdiga sukan ɗebi kaɗan, wato samfur, su yanke hukunci da shi a kan matsakaicin dukkan ledojin.

Da farko ana rubuta zato biyu. Zaton asali shi ne matsakaicin ya cika 500, kuma ana riƙe da shi har sai hujja ta rushe shi, kishiyarsa kuwa shi ne bai cika ba, domin tauye mudu ne abin da ke damun mai saye. Kafin a auna ko leda guda, sai a tsayar da iyakar kuskure, galibi kashi 5 cikin ɗari, wato gwargwadon haɗarin da aka yarda a ɗauka na tuhumar masana'antar da ba ta da laifi.

Daga nan sai ɗibar samfur, inda aiki ya fi lalacewa, domin ledojin da aka kwaso daga jaka ɗaya a shago ɗaya ba sa wakiltar komai, tilas a tsinto su da ƙuri'a daga wurare da ranaku dabam-dabam.

A ƙaddara an auna leda 25, matsakaicinsu ya zama 494, ma'aunin warwatsuwa kuma, wanda ke nuna nisan ledojin daga matsakaicinsu, ya zama 10. Ana raba 10 da 5, lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 25, a sami 2, sannan a raba giɓin mililita 6 da wannan 2, a sami 3. Wannan ita ce lambar t, wadda William Gosset ya bayyana a 1908 yana aiki da kamfanin Guinness a Dublin.

Sai a duba jadawalin t a layi na 24, wato yawan samfur ban da ɗaya, inda iyakar take 1.711. Tun da 3 ta zarce ta, ana watsar da zaton asali, domin da wuya dace kaɗai ya haifar da giɓi irin wannan. Da lambar ba ta kai iyakar ba, da hukuncin shi ne hujja ba ta isa ba, wanda ba daidai yake da wanke masana'antar ba.