Katangar gidan gado ta faɗa wa maƙwabci

Tambaya: Mu bakwai muka gaji gida a Tawa. Da damina katangarmu, wadda ta shekara uku ba yaɓe, ta danne rumfar maƙwabci. Wa zai biya?

Amsa: Ɗan'uwa, ku duka, kowa gwargwadon gadonsa. Sashe na 1386 na dokar farar hula ta Nijar ya ɗora wa mai gini ɓarnar rushewarsa, in sakacin gyara ne sanadi. Shekara uku ba yaɓe kuwa, alƙali ba zai kira shi ƙaddara ba. Ku fara sasantawa gaban mai unguwa, ya fi araha. Sannan ku yi karo-karo ku yanki inshorar ɓarnar da gida zai iya yi wa maƙwabta, amma a karanta muku takardar, don wata ba ta biyan ambaliya. Kafin Yuni, ku nemo magini.